Addu'ar Safe a Gidan Mai Kushin

Shagonsa yana ƙarshen layin masu gyara, tsakanin mai walda da mai ɗinkin labule. Babu allo a ƙofa, ba a kuma taɓa buƙatarsa ba. Duk wanda ya ga kujeru sun yi rigingine a bakin hanya, ƙafafu a sama, soso ya leƙo ta cikinsu, ya san ya iso. Mai Kushin ake ce masa. Ko 'ya'yan cikinsa, in za su kwatanta wa baƙo gidansu, da wannan sunan suke kwatance.

Ya haura sittin. Gajere ne mai kauri, kansa ya yi fari, yatsunsa duk tabon ƙusa da busasshen gam. Aikinsa shi ne a kawo masa kujerar da ta gaji, ya feɗe ta, ya kwashe tsohon soson da ya zama gari, ya ɗaure robar da ta saki, ya shimfiɗa sabo, ya ja yadi ya buga. Ba ya gaggawa, ba ya kuma yawan magana. Mai walda, maƙwabcinsa na shago, yakan ce in ka gaida Mai Kushin da safe, ka je ka ci abinci ka dawo, za ka tarar da amsar tana hanya.

A coci dattijo ne. In miji da mata sun sami saɓani, yana cikin waɗanda ake aikawa su je su sasanta. Ya iya wannan aikin, don yana da haƙurin sauraro, kuma in ya rufe zaman da addu'a har mata kan share hawaye. Mutane suna cewa Allah ya ba shi baiwar addu'a. Shi bai taɓa musa musu ba.

Matarsa ta yi rayuwar aikinta duka a ɗakin wanki na wani asibiti, tana wanke zannuwan gado da rigunan marasa lafiya. Saboda ana ganinta kullum da farin kaya, unguwa ta sa mata suna Nas. Tun tana gyara musu har ta gaji ta bari, har ma takan ba da shawara in an kawo mata yaro mai zazzaɓi. Doguwa ce, ta fi mijin tsawo, ga murya, ita ce take ɗaga waƙa a ƙungiyar mawaƙan mata. 'Ya'yansu biyu, namiji babba da mace wadda kowa yake kira Auta.

Duk wanda ya san gidan daga waje ya san abu ɗaya: ba a fashin addu'ar safe. Kafin kowa ya fita, ana taruwa a falo, a yi waƙa ɗaya, uwa ta yi addu'a, uba ya rufe. Maƙwabta suna jin waƙar ta taga, wasu ma da ita suke tashin 'ya'yansu. Abin da ba sa ji shi ne abin da ake faɗa bayan waƙar.

In ka tambayi Mai Kushin yaushe abin ya fara, zai ce maka babu wata rana. Ba duka, ba zagi, ba wata mace a waje. Gajiya ce kawai. Lokacin da yaran suke ƙanana, ita takan dawo hannayenta sun yi fari sun tsattsage saboda maganin wanki, shi kuma ya dawo baya ya riƙe. Kowa ya ci abinci ya nemi wurin kwanciya. Maganar da ta rage tsakaninsu ta gyare-gyaren gida ce, ita ma da faɗa take ƙarewa.

Amma akwai safiyar da dukansu suke tunawa. Ƙofar banɗaki ta ɓalle, ta yi masa magana har bakinta ya gaji, shi kuma kullum sai gobe. Ran nan tana cikin addu'a sai ta ce, "Ya Uba, kai ne mai rufa asirin bayinka, ka dubi ƙofar banɗakinmu." Yara suka tuntsire da dariya. Shi ma ya yi dariya, ya ce Amin da ƙarfi, kuma kafin rana ta faɗi ya gyara ƙofar.

Matsalar ke nan, abin ya yi aiki. Ta gano hanyar da za ta faɗi magana ba tare da an katse ta ba, domin ba a katse mai addu'a. Shi ma bai daɗe ba ya gano cewa mai rufewa shi ke da kalmar ƙarshe. Kuma wanda aka soka dole ya ce Amin, a gaban yara, ido a rufe.

Daga nan sai ya zama tsari. Ita ta ce, "Ka buɗe idon bayinka masu gyara kujerun duniya, su ga ta gidansu." Shi ya ce, "Ka ba mu harshe mai laushi, ya Ubangiji, musamman waɗansu daga cikinmu." Ita ta roƙa wa masu daɗewa a taron dattawa tunanin hanyar gida. Shi ya roƙa wa masu waƙa a coci su riƙa rage ɗan murya mai daɗi su kawo gida. Ba a kama suna. Bayinka ne, waɗansu ne, wani ne a cikinmu. Yaran suka sa wa abin suna labaran safe. Babban yakan taɓa ƙanwarsa da gwiwar hannu ya ce, "Tashi, Auta, za a karanta kanun labarai."

Sannu a hankali dariyar ta janye, labaran suka zauna. Babban yana gama makaranta ya nemi aiki a gari mai nisa, yana kira jefi-jefi, ba ya son kwana in ya zo. Auta ta daure har ta yi aure. Bayan tafiyarta, Nas ta kwashe kayanta ta koma ɗakin yara. Wannan ma a addu'a ya ji dalili, da ta gode wa Allah da ya ba ta wurin da minsharin waɗansu ba ya kaiwa.

Abin da ya rage na magana ido a buɗe bai fi a ƙirga da yatsu ba. Abinci na kan tebur. To. An ɗauke ruwa. To. Wani ya zo nemanka. Wa? Ban tambaya ba. A falonsu akwai doguwar kujerar da shi ya haɗa ta da hannunsa suna sabon aure. Gefe biyun sun lotsa, kowa da raminsa, tsakiyar kuwa kamar yau aka sa soson. Ya ga irinta da yawa a shago, ya kuma san abin da take nufi a gidajen mutane. A nasa gidan bai taɓa tsayawa ya duba ba.

Bara Nas ta yi ritaya. Ba da daɗewa ba Auta ta haihu, a garin mijinta, tafiyar yini guda a mota. Wata safiya, bayan waƙa, Nas ta gode wa Allah saboda jaririn, ta roƙa wa mai jego ƙarfi, sannan ta ce, "Ka kiyaye tafiyar da baiwarka za ta yi, ka sa ta sami hutawa a inda ake son ganinta."

Haka ya ji labarin. Ya ce Amin.

Da farko bai ɗauke shi komai ba, uwa ce za ta je ta taimaki 'yarta. Amma yana da ido. Ya ga ta mayar da kayan mawaƙa ga shugabarsu, a wanke a goge. Ya ga ta kama kajinta duka ta ba maƙwabciya, ba aro ba, kyauta. Ya ga hoton mahaifiyarta ya bar bangon falo, ƙusar kawai ta rage da shatin inda fenti bai koɗe ba. Mai tafiyar 'yan makonni ba ta cire hoto daga bango. Ya gane cewa in ta shiga motar nan, ta tafi ke nan. Ba saki, ba rigima, ba abin da coci zai zauna a kai. Za a ce tana wurin jika, shekara ta bi shekara, shi ke nan.

Abin da ya ba shi mamaki shi ne yadda ya ji tsoro. Yana tsammanin ya saba da rashinta tun tana gidan. Ashe tarin da take yi a ɗaya ɗakin, da ƙarar tukunya, da takunta a tsakar gida, duk yana jingine da su bai sani ba.

Sai ya yi abin da ya iya. Washegari ya roƙi Allah ya tuna wa masu shirin tafiya cewa gida ma amana ce. Ita kuma da safiyar da ta biyo ta roƙa wa waɗanda ba su san inda tukunya take ba basirar nemanta. Ya ce Amin. Ta ce Amin. Akwati ya ci gaba da cika.

Da ya ga ba ci gaba, sai ya kira Auta daga shago. Ya fita bayan rumfa saboda ƙarar injin mai walda. Suka gaisa, ya tambayi jariri, ta ce ya cika ci kamar kakansa. Ya yi 'yar dariya, ya yi gyaran murya.

"Auta, wai mamanki, kwana nawa za ta yi a wurinku?"

"Baba, tana ina yanzu?"

"Tana gida mana."

"Kai kuma a ina ka kwana?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Bango ɗaya ne tsakaninku, Baba. Ni ina wata duniya da jariri a kafaɗa, ni za ka tambaya?"

Yana jin kukan yaron ta wayar, tana jijjiga shi.

"Ka yi haƙuri, ba rashin kunya nake maka ba," in ji ta. "Amma tun da ka tambaya. Ni ban ce ta zo ta zauna ba. Ita ta ce in gyara mata ɗaki, ba shimfiɗa ba. Ban hana ta ba, uwata ce. Kuma Baba, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da aka kawo ni gidan nan, da mijina ya ce mu yi addu'a, sai na kasa kunne. Ina jira in ji me na yi. Ya gama tsaf, babu ni a ciki sai alheri. Na fashe da kuka, bawan Allah ya rasa me ya faɗa. Na daɗe kafin in iya rufe ido a gaban Allah ban ɗaure cikina ba. Yayana kuwa har yau bai iya ba. Kana tsammanin wa'azi ne ya hana shi zuwa coci?"

Mai Kushin ya ce mata to, ta gaida mijinta. Ya koma shago ya zauna a kan kujerar wani da bai gama ba. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube shi.

"Dattijo, lafiya? Ka yi kama da soson da ka cire jiya."

"Lafiya lau."

"To ai shi ke nan. Yau ma mun sha hira."

A makon nan yana da aikin da zai kai. Kujerar hutawa ce ta Baba Fasto, tsohon da ya ɗaura musu aure, wanda ya daɗe da ajiye aiki. Matarsa ta rasu, idonsa ya kusa tafiya, yana zaune a ɗaki ɗaya a gidan ɗansa. Mai Kushin ya ɗora kujerar a amalanke, ya bi ta a ƙafa har can, ya shigar da ita da kansa.

Tsohon ya shafa hannun kujerar, ya zauna a hankali, ya ɗan yi tsalle a kai kamar yaro.

"Kai, ka yi mata taurin kai irin naka. Amma ta yi. Zauna. Ina 'yata?"

"Tana lafiya, Baba. Tana shirin tafiya wurin Auta."

"Madalla. Yaushe za ta dawo?"

Tsohon ya juyo da kunnensa wajensa, ya jira. Mai Kushin ya ga gara ya yi magana. Ya faɗa masa duka, tun daga ƙofar banɗaki har zuwa hoton bango. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da yake faɗa sai ya ji abin ya fi muni a baki fiye da yadda yake a zuci.

Baba Fasto ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya share ido, fuskarsa ta canja.

"Wato shekarun nan duka kun mai da Ubangiji ɗan aike. Ku tashe shi da sassafe, wannan ta ba shi saƙo, wannan ya ba shi amsa, ga ku a kujera ɗaya."

"Ita ta fara, Baba."

"Ita ta fara da ƙofar banɗaki. Sauran wa ya gina? Kai ba dattijo ba ne? In ka je gidajen mutane sasanci, wanda ya fara kake nema?"

"A'a."

"To. Ka ji ni, ɗana, ba wa'azi zan yi maka ba, na yi ritaya. Allah da kansa, da ya so ya shirya da mu, ya daɗe yana aiko saƙo ta bakin bayinsa. Da lokaci ya yi, bai ƙara aike ba. Tasowa ya yi ya zo. Ya zauna cikinmu, ya ci abinci da mu, ya ji warin jikinmu, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutanensa. Bai kuma jira mu muka fara ba, mu da muke da laifin. Wannan shi ne Almasihun da kake wa aiki. Shi ya taso daga sama, kai falo kawai za ka tsallaka."

"Ban san me zan ce mata ba."

"Kai da ake cewa kana da baiwar addu'a?"

"Wannan ido a rufe ne, Baba."

"To buɗe shi. In kana da magana da ita, je ka gare ta, sannan ku zo gaban Allah tare. Abin da kuke kawo masa yanzu ba addu'a ba ce, ƙara ce." Ya lalubo sandarsa ya jingine ta a jikin sabuwar kujerar. "Ni tawa ta tafi inda waya ba ta shiga. Akwai maganganun da nake ta ajiye mata sai an sami lokaci. Ga su nan, ni kaɗai nake jin su. Taka tasha kawai za ta."

Zai yi daɗi a ce daga nan ya wuce gida ya gyara komai. Ba haka aka yi ba. Da yamma ya tsaya a ƙofar kicin tana yanka albasa, ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gas ya kusa ƙarewa." Ta ce ta sani. Wata rana ya sayo mata man shafawa na hannu, ya rasa yadda zai miƙa, ya ajiye a kan tebur. Ta ɗauka, ta duba, ta sa a akwati. Da safe kuwa ya daina suka, yana addu'a gajera a kan ƙasa da marasa lafiya. Ita ta ɗauka sabon salon fushi ne, ta roƙa wa masu gaba a ɓoye tuba.

Ranar tafiya ta zo. Akwati biyu da jaka suna bakin ƙofa. Suka zauna a falo, kowa a gefensa. Ta ɗaga waƙa, ya bi ta a ƙasa-ƙasa. Ta yi addu'arta, yau ba ta soki kowa ba, ta dai damƙa gidan a hannun Allah kamar mai mayar da kayan aro. Ya karɓa.

"Ya Uba mai jinƙai," ya fara, "mun gode maka da wayewar gari. Ka ga baiwarka za ta kama hanya. Ka tuna wa..."

Ya ji inda harshensa ya nufa, tsohuwar hanyar da ya saba. Ya tsaya. Sannan ya buɗe ido.

Nata idon a buɗe yake. Ba shi take kallo ba, bango take kallo, da fuskar mai jiran layi a asibiti. Ya gane cewa ba yau ta fara ba. Wa ya san shekara nawa tana zaune haka, shi yana ta zuba ido a rufe.

"Ƙarasa mana," in ji ta. "Mota ba ta jira."

"Ba da shi nake ba yanzu. Da ke nake, Maman Auta."

Ta juyo ta dube shi, sama da ƙasa.

"Ni? Yau kuma? Allah ya tafi hutu ne?"

"Ba na so ki tafi. Wato, ki je ki ga yaron. Amma ki dawo. Na ga hoton. Na ga kajin."

"Ashe kana gani."

"Ina gani."

"To tun da yau ranar magana ce, Dattijo, bari in yi tawa, kuma ba sai ka ce Amin ba." Ta gyara zama, ta ɗora hannayenta a gwiwa. "Ranar da aka binne mahaifiyata, ka yi addu'a a gaban jama'a, mutane suna ta kuka, har yau ana ba ni labarinta. Muka dawo gidan nan. Ina zaune a nan, a wurin nan. Ka wuce ni ka shiga ɗaki. Sannu wannan, ta baki, ba ka ce mini ba. Lokacin da hannuna ya tsage har ba na iya ɗaura zani, ka roƙa wa marasa lafiyan gidan nan waraka. Marasa lafiyan gidan nan. Mu nawa ne? Hannun yana gabanka, ko juya shi ba ka yi ka gani ba."

Bai kare kansa ba.

"Haka aka yi," ya ce. "Na yi miki laifi. Ki yafe mini."

Ta dube shi, kamar ta shirya wa gardama ba ta samu ba.

"Kai fa? Ba ka da naka? Faɗi, kada in tafi da bashin magana."

Ya ce, "Shekarar da ruwa ya shiga shago ya lalata kayan mutane. Kika gode wa Allah da ya ba waɗansu lokacin zama a gida."

Ta sunkuyar da kai. "Na faɗa. Na san ya yi maka ciwo, don haka ma na faɗa. Wannan mugunta ce. Ka yafe mini."

"Na yafe."

"Ni ma na yafe. An yafe mini da yawa, ba ni da bakin riƙewa." Ta ja dogon numfashi. "Amma kada ka ɗauka an gama. Na gaji, Baban yara. Gajiyar da barci ba ya kai ta. Yafewa daban, zama daban. Ni yanzu ban san yadda ake hira da kai ba. In na zauna, me za mu ce wa juna gobe?"

"Ban sani ba. Ni ma ban iya ba."

"Ka gani."

"Za ki dawo?"

"Da jiya ka tambaye ni, a'a ce amsar. Yau ban sani ba. Kada ka matsa mini."

Bai matsa ba. Ya ce su ƙarasa addu'ar. Wannan karon ta rufe ido, shi ma ya rufe. Ita ce addu'a mafi gajarta da aka taɓa yi a falon, kuma ba mai yabonta da an yi ta a coci. Ya ce, "Ya Uba, ka gafarta mini, ni, na yi wasa da sunanka a gidana. Ka kai matata lafiya. Ka koya mana abin da ba mu iya ba. Cikin sunan Yesu." Ta ce Amin a hankali.

Shi ya ɗauki akwatunan zuwa tasha. Ya sama mata wuri kusa da taga saboda ƙafarta mai kumburi, ya tsaya a rana har motar ta cika. Da direba ya tayar, ta leƙo ta ce, "In za ka kira, ni za ka kira. Ka bar yarinya ta ji da ɗanta."

Yanzu watanni sun shuɗe. Mai Kushin yana dafa wa kansa shinkafa, wata rana ta caɓe, wata rana ta ƙone. Ya roƙi sauran dattawa su ɗan sauke masa aikin sasanci, bai ba da dalili ba. Ya kira babban ɗansa ya ba shi haƙuri. Yaron ya ce ba komai, da muryar da ke nuna akwai komai, amma bai kashe wayar ba. Addu'ar safe shi kaɗai yake yi, ya ce tana yi masa wuya, domin in babu wanda za ka gyara a ciki sai kanka, maganar ba ta da yawa kuma ba ta da daɗi.

Kullum da rana, in mai walda ya kashe inji zai ci abinci, sai ya kira ta. Kiran farko-farko duk gaisuwa ce da shiru. Ya jariri, lafiya. Ya zafi, da sauƙi. Sai su riƙe wayar suna jin numfashin juna har ɗaya ya ce to. Daga baya ta fara ba shi labarin surukansu, shi kuma ya ba ta na wata mata da ta kawo kujera ta canja launin yadi har sau ba adadi. Ran nan har ta yi dariya.

A makon jiya ne ta ce masa za ta zo ƙarshen wata.

"Zuwa na ce, ban ce dawowa ba. Zan zo in ga ko da gaske kake."

"To."

"To, to, kullum to. Maƙwabciya ta ce ka rame kamar tsinke. Wai shayi da burodi kake kwana a kai? Mutum da girmanka, da ciwon ciki irin naka? Kuma an ce rigar da ka sa ranar Lahadi ko guga babu, ka tsaya gaban jama'a kamar wanda aka zaro daga buhu. So kake a ce ni na bar ka haka? Kana ji na kuwa?"

"Ina ji."

Mai walda, da cokali a hannu, ya leƙo ta gefen rumfa.

"Dattijo, wa ke wanke ka haka da tsakar rana?"

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Matata ce."

"Kai! Kuma ka zauna kana murmushi?"

Mai Kushin ya mayar da wayar kunne, ya jingina bayansa mai ciwo da bangon shago. Ta riga ta wuce maganar riga, ta shiga ta ƙurar da ta tabbata ta cika mata ɗaki. Faɗa ne sosai, ba ta rage komai ba, kuma da shi take yi.